Yatsu Biyu da Ragon Suna

Tunda kowa a gidan nan yana da nashi labarin ƙafata ta hagu, bari ni ma mai ƙafar in ba da nawa. Na ji Mamman yana faɗa ma abokansa wai kada ne ya cinye mani yatsu biyu a Abijan. Na ji Hadiza, da yake ita ce ma'aikaciyar likita, tana ce ma mutane ciwon suga ne, alhali ko a shayi ba na wuce ƙwaya biyu. Uwarku kuwa in an tambaye ta ba ta ko ɗaga kai daga tankaɗe, sai ta ce rashin jin magana ne. To, ita ce ta fi kusa. Abin da ya rage shi ne ku san maganar wa ce ban ji ba, don mutum uku suka faɗa mani ita, a ƙasa biyu.

Na farkonsu kakanku ne, Malam Ilu, wanda ba ku tarar ba. A ƙauyenmu na gefen Kanan-Bakashe yana noma gero da wake kamar kowa, amma jinin kiwo bai bar shi ba, yana da raƙumi guda da yake cin kasuwanni da shi. Yana kuma da takalma na fatar sa, masu faɗi irin na Buzaye, kowane ɗaya ya kusa faifai. Ba ya sa su in yana bisa raƙumi, don da tafin ƙafa ake yi ma raƙumi magana a wuya. A sirdi yake rataye su. Ko rijiya za shi, wadda kana hango ta daga ƙofar gida, sai ya rataya su tukuna. Wata rana ina saurayi, bakina ya fara kaifi, na tambaye shi.

"Baba, mai raƙumi mi zai yi da takalmi?"

"Raƙumi aro ne," in ji shi. "Ran da mai shi ya karɓi abinsa tsakiyar rairayi da rana tsaka, da ƙafar wa zan dawo gida?"

Na yi dariya a ciki, don a waje ba a yi. Ni lokacin moto, wato babur, ita ce a raina. Na koyi gyaranta a Tasawa, ita ce kuma ta yi ta jana, Agadas, Kotonu, Abijan, har Sabha. Duk inda injin yake tari akwai tuwona. Ba zan tsaya kan waɗannan ba, kun sha jin su, har kun fi ni iya ba da su.

Shekarar da nake son ku sani ita ce wadda na yi sanyi a Kanada. Babanku Sani, ƙanena, shi ne mai lakwal, wato boko, a gidanmu. Karatu ya kai shi can arewacin Kebek, inda ake jin Faransanci, ya samu aiki, ya ɗauki matarsa Rakiya. Shi ya samo mani takardun aikin wata shida a garejin wani dattijo da ake ce ma Gasto, mai ba da hayar moton ƙanƙara. Moto ce sak, da sirdi da ƙaho da warin man esansi, sai dai babu taya. Gabanta faranti biyu ne dogaye masu santsi, bayanta bel mai haƙora kamar na katafila. Kwana uku na yi ina kallon cikinta, rana ta huɗu muka fahimci juna. Injin injin ne, ko a ina aka haife shi.

Ƙanƙarar ce ban fahimta ba. Kada ku ɗauka irin ta firijo ce da ake jefawa cikin lemu. Gari ce. In ta zubo sabuwa kamar garin gero ne da aka tankaɗe sau uku, ka dunƙula ta a hannu ta ƙi dunƙuluwa. A cikin daji tana taruwa har ta wuce tsayin mutum, samanta kuma lumui, kamar ka shimfiɗa tabarma ka kwanta. Gasto yana da doka ɗaya a garejinsa. Duk moton da za ta fita, ko ta haya ko tamu, sai an ɗaure mata raketi biyu a baya. Raketi wani abu ne kamar rariya mai tsawo, ana ɗaure shi ƙarƙashin takalmi, ya faɗaɗa ma mutum ƙafa don kada ya nutse. Da kansa yake zagawa yana jan igiyar ya ji ko ta ɗauru. A satina na farko ya ga ina murmushi, sai ya kai ni bayan gareji, ya ce in sauka daga hanyar da aka daddaɓe in yi taku uku. Taku ɗaya na yi, na tsinci kaina a ciki har ƙugu. Shi kuwa ya ɗaura raketinsa, ya zagaye ni sau biyu da kofin kafe a hannu, ko ɗigo bai zuba ba.

"Abu," ya ce, don haka ya iya faɗin sunana, "moto tana yawo bisa garin nan ne saboda tana gudu. Ran da ta tsaya, kai da ita duwatsu ne."

Na ce a raina, wanga tsoho da Malam Ilu, da sun haɗu ba sai an nemo tafinta ba. Shi ne na biyu.

Tsakiyar sanyin nan Rakiya ta haihu, namiji, bayan shekara tara da aure ba ko ɓari. Sani ya kira Inna, kakarku, ya buɗe muryar salula muna ji mu duka. Kun san Inna da ni. Ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma yi mani magana kai tsaye in akwai wanda za a bi ta kansa. Sani ya ce mata zai aiko a sayi rago a yanka nan gida ranar suna, kamar yadda duk ƴan ƙasar waje suke yi.

"Nan kam za mu yanka namu, ba sai ka faɗa ba," in ji Inna. "Amma ita maijego can mi za ta sha? Romon hoto?"

"Inna, akwai nama a kanti, na halal."

"Naman kanti. Yaron da aka jira shekara tara. To, Allah ya kyauta. Na ɗauka akwai babba a wurin, ashe duk baƙi ne."

Ba ta kuma ce da wa take ba. Sani ya dube ni, na dubi silin. Ku fahimta, babu wanda ya aike ni. Sani ma cewa ya yi in rabu da ita, tsufa ne. Amma ni na yi shekara ashirin ina yawon duniya, an yi sunaye da jana'izu a gidanmu ba ni nan, har ta Malam Ilu labari na ji a Sabha. Ga suna ya zo ya same ni har inda nake. Na ce ko ana ha maza ha mata, yaron nan da rago mai numfashi za a raɗa mashi suna, kuma ni zan kawo shi.

Gasto ya san wata mata mai kiwon tumaki, Madam Liz, a hayin wani daji. Ta hanyar mota zagaye ne mai nisa, ga shi an kwana uku ana zuba ƙanƙara, ba a kai ga share wannan hanyar ba. Ta cikin daji kuwa, a moto, rabin awa ne. Ana gobe suna, da hantsi, na ce ya ara mani moto. Ya ce in jira shi zuwa azahar, yana da baƙi da zai kai yawo, in ya dawo mu tafi tare. Na ce rana a ƙasarku ba ta da haƙuri, kafin la'asar ta fara haɗa kayanta. Ya ce to in ja akwatin kaya, wani kwando mai santsi da ake ɗaurawa a bayan moto. Nan ne Batasayen ya motsa.

"Gasto, ni na ɗauko raguna biyu da buhun wake a moto ɗaya daga Attantane har Tasawa, cikin rairayi. Rago ɗaya ba zai sa in ja amalanke ba."

Gaskiya ce kuma, na yi. Ban dai faɗa mashi cewa ban taɓa jan akwatin nan ba, ina tsoron ya kife da ni a kwana in ji kunya. Ya ɗaga kafaɗa, ya zagaya bayan moton, ya ja igiyar raketi ya ji ta ɗauru, ya ce in bi sandunan da aka kafa a gefen hanya.

Zuwa lafiya lau. Madam Liz doguwa ce, hannunta kamar na mai daka. Ragonta kuwa da na gan shi sai da na yi salati, gajere, ulu ko'ina, kamar an naɗe tulu da bargo. Na buɗe bakinsa na duba haƙora, na matsa ƙugunsa, na ɗaga shi na ji nauyi, ita tana kallo tana dariya, ta ce ba a taɓa yi ma dabbarta irin wannan binciken ba ko wajen likita. Muka shirya. Na haɗa ƙafafunsa na ɗaure irin ɗaurinmu na kasuwa, na ɗauko shi zan gicciya a bayan sirdi. Wurin kuwa guda ne, kuma raketi na kai. Na gwada ɗora shi bisansu, ƙarfen yana sukar cikinsa yana zillo. Sai na kwance su, na jingina su a bangon garke, na ce jibi in zo in ɗauka.

"Ka rataya su a bayanka," in ji Madam Liz. "Ga igiya."

"Madam, rabin awa ne. Yanzu na biyo hanyar."

"Mijina ma ya san hanyar. Ka rataya su."

Ban tambaye ta mi ya samu mijin ba, har yau kuma ban sani ba. Abin da na hango shi ne kaina ina shiga gari da rago a baya da rariya biyu a gadon baya kamar kunkuru, ƴan Afirkan garin suna leƙe ta taga. Na yi mata godiya irin tamu, mai tsawo, wadda ake yi in ba za a yi abin da aka ce ba. Ita ce ta uku.

Na ci fiye da rabin hanya. A wata kwana da ke gangara, ragon ya ga dama ya yi wani irin shure-shure, nauyi ya koma gefe guda, moton ta bar sawun da na yi da safe ta zame cikin wani kwari. Ba faɗuwa muka yi ba, ba a ji ko ƙara ba. Nutsewa muka yi a hankali, kamar cokali cikin fura. Na ba ta wuta, bel ya yi ta haƙa, ta ƙara zama. To, a rairayi kowa ya san abin yi, ka sauka ka tura. Na sauka. Sai ga ni a ciki har ƙirji, hannuwana a sama kamar mai roƙon ruwa.

Na daɗe ina kokawa kafin in kamo sirdi in hau. Salula babu rezo, kira ba ya fita. Na ce to, a ƙafa, gari ba nisa. Ku ji yadda tafiya take a cikin garin nan. Ka ɗaga ƙafa har gwiwa ta taɓa ƙirji, ka jefa ta gaba, ta nutse, babu abin da za ta taka, ka jawo ɗayar. Zufa ta keto mani cikin wannan sanyi. Da na waiwaya bayan abin da na ɗauka tafiya ce mai nisa, ragon yana nan kusa, ina ganin ƙwayar idonsa. A nan ne na ja ƙafar hagu ta fito ita kaɗai, takalmin ya zauna a ƙasa. Na haƙa da hannu har na same shi, cike da ƙanƙara. Na zazzage, na mayar. Safa ta jiƙe. Wannan ɗan abin, shi ne duka labarin.

Na rarrafa na koma kan moto. Ina zaune sai Malam Ilu ya faɗo mani a rai, ba da faɗa ba, shi ba ya faɗa, kawai na gan shi yana rataya takalma a sirdi zai je rijiya. Na ce to Baba, an ji, bari a gwada. Akwai itatuwa masu ganye kamar tsintsiya a kusa, rassansu sun sunkuyo. Na kakkarya, na kwance igiyar ragon, tunda shi ma ba inda za shi, na ɗaure rassan ƙarƙashin takalmana. Abin mamaki, sun ɗauke ni. Ina nutsewa zuwa ƙwauri kawai. Na dawo na saɓa ragon a wuya irin na makiyaya, muka nutse tare har ƙugu. Na sauke shi, na taso sama. Na sake ɗauka, muka sake nutsewa. Lissafin ya fito sarai, rassan nan mutum ɗaya za su kai gari.

Na tafi ni kaɗai. Na yi taku wajen hamsin. Sai ragon ya yi kuka. Ba wani kuka na tausayi ba, irin dai na rago, be. Amma na tsaya. Na tuna Gasto ya ce akwai kyarkeci a dajin. Na ga kaina gobe da safe gaban liman da baƙi, ana tambaya ina rago, ina cewa na bar shi a daji. Na ji muryar Inna tana ce ma Sani, ba ni ba, ashe dai duk baƙi ne. Da mai hankali ne da ya ci gaba, ya kai gari cikin awa ɗaya ko biyu, ya sa ƙafarsa a ruwan ɗumi, a dawo a nemi rago. Ni na juya.

Na hau sirdi, na rungume ragon a cinya, na cusa hannuwana cikin ulunsa ta ƙarƙashin hammata. Da hannu nake ci, su na fara ceto. Na yi azahar a zaune da ishara, rago a ƙirji, Allah ya karɓa yadda ta samu. Ƙafar hagu ta yi ta zogi kamar ana soka mata ƙaya, can sai ta daina. Na ji daɗi da ta daina. Hadiza, ke kin san abin da wannan yake nufi, ni lokacin ban sani ba.

Rana ta sunkuya ta yi ja a bayan itatuwa sannan na ji injin. Ashe ina barin garke Madam Liz ta kira gareji, ba ta samu kowa ba, ta bar saƙo cewa mutuminku ya tafi ya bar raketinsa. Gasto bai ji saƙon ba sai da ya dawo da baƙinsa. Ya tsaya a kan hanya, ya ɗaura raketinsa, ya gangaro kwarin a tsanake, da wasu biyun a hannu. Ya dube ni, ya dubi ragon, ya dubi rassan da ke ƙafata. Ya daɗe a kan rassan.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Babana."

"Yana da hankali. Kai ɗan riƙo ne?"

Ya miƙo mani raketi. Na ce ya fara ɗaukar ragon. Ya faɗi wata kalma da ba a koya mana a Faransancin Tasawa ba, amma ya ɗauka. A akwatin nan da na ƙi ja aka kai mu gari, ni da rago, gefe da gefe, an lulluɓe mu da bargo ɗaya.

Suna ya yi kyau, haka aka ce mani. Ni ina gadon likita. Gasto ya ba su Sani rumfar bayan gareji, liman ya yanka, aka raɗa ma yaro Iliyasu, sunan Malam. Da rana Sani ya zo da kwano a naɗe cikin tawul, ya ce Rakiya ta sha romo har ta yi zufa, ga nawa. Na sha. Ragon nan ya ɗumama ni jiya, ya ɗumama ni yau, ban san dabbar da ta yi ma mutum aiki biyu haka ba. Likitoci suka yi sati uku suna jiran yatsun su yanke shawara. Uku suka dawo, ƙaramin da na kusa da shi suka yi baƙi, aka cire. Aikin wata shida ya ƙare a wata huɗu, don makanike mai sanda ba ya iya jan moto daga rami. Har yau in na daɗe a tsaye ina karkata hagu, kun sha kwaikwayona, ina ganinku.

Da na dawo na je gaida Inna a ƙauye, tare da uwarku. Na tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki kamar kullum, na zauna a tabarma, na ɓoye ƙafar ƙarƙashin riga. Ba ta duba ba. Ta tambayi uwarku hanya, ta tambaye ta yara, ta tambaye ta ko mai sunan Malam ya yi ƙiba a hoto. Can ta tashi ta shiga ƙurya, muka ji tana jan tsohuwar adaka. Ta fito da takalman Malam Ilu, fatar ta bushe ta yi baƙi, ta aje su gaban uwarku.

"Ki ba wancan," ta ce. "Mai su ya yi yawonsa ya gama, da goma cif aka binne shi."

Sannan ta ce a kawo mani fura, a sa nono da yawa. A wurin Inna, wannan runguma ce.

Su ne takalman da kuke gani ɗaure a bayan motona shekara da shekaru, waɗanda kuke cewa suna ba ku kunya a gari. Na shafa masu mai sun yi laushi. Sau biyu sun dawo da ni gida, sau ɗaya a hanyar Mayahi da sarƙa ta tsinke da rana tsaka, rairayi yana dafa ƙwai.

Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan kuwa, ran Talata ne. Hadiza, kin ari motona za ki ƙauyukan Attantane yin rigakafi. Da kika tafi na fito tsakar gida, sai ga takalman jingine a bangon rumbu. Uwarku ta ce wai wurin guda ne, akwatin sanyi na allura ya cinye shi, kuma wai kin san hanyar. Na dubi yadda kika jingina su, tsaf, ɗaya bisa ɗaya. Haka na jingina nawa.

Ban ce maki komi ba da kika dawo, kin gaji, ga ɗan takalminki na roba mai fure. Akwatinki ya fi ragona daraja, ban musa ba. Amma gobe in za ki fita, na sa masu igiya doguwa, suna rataye a ƙahon moto. In babu wuri a baya, ki rataya su a wuya. Wanda ya yi dariya, ki turo mani shi in tuɓe mashi safa.